Tsamiyar Bindiga

A jihar Mizuri ta Amurka, idan ka je filin harbi ranar Asabar, abin da zai fara ba ka mamaki ba ƙarar bindiga ba ce, tsuguno ne. Za ka ga ƙaton mutum mai furfura, wanda ya zo cikin motar da kuɗinta zai gina gida a Funtuwa, ya ɓarar da harsashi goma kafin ka ƙifta ido, sannan ya ajiye bindiga ya durƙusa yana tsintar kwanson da ya zube ɗaya bayan ɗaya, kamar mata masu kalar gyaɗa bayan an gama cira. In ɗaya ya shige ciyawa, ba zai miƙe ba sai ya zaƙulo shi. In kuma na kusa da shi sabon shiga ne da bai san darajar abin ba, sai ya matso cikin ladabi ya tambaye shi ko yana bukatar nasa. Kafin a ba shi amsa, rabi ya riga ya shige aljihu.

Maƙwabcina yana cikin muƙaddaman wannan ɗariƙa. Dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gyaran wayoyin lantarki. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a birnin Kansas, shi kuwa ya kori mota daga gareji ya cika shi da bokitai. Ni da yara Baba muke ce masa, kuma yana amsawa. Shi ya fara yi mini bayanin cewa harsashi abu huɗu ne: kwanso, da ɗan maɓallin wuta da ke manne a gindinsa, da albarushi, da kan da ke fita ya yi ɓarna. Uku suna tafiya da harbi ɗaya. Kwanso kaɗai ke faɗowa ƙasa da ransa, kuma sau da yawa shi ne mai tsadar. Da tagulla ake yin sa, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, wato ƙarfen nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi. Don halinta aka zaɓe ta: idan wuta ta tashi sai ta buɗe ta toshe kowace kafa, kada hayaƙi ya dawo wa mai harbi a fuska, sannan ta ɗan tsuke a zare ta ba gardama. Kwanso ɗaya, in an kula da shi, ana sake cika shi sau da dama, kuma dokar ƙasar ba ta hana mutum cikawa don amfanin kansa ba.

Ita kuwa Mizuri, sai ka ce don wannan sana'a aka shata ta. Masana'antar Lake City da ke Independence, wadda ke yi wa sojan Amurka harsashi tun 1941, a nan take. Baba yana da bokiti guda na kwanson da aka buga wa LC a gindi tare da shekarar da aka yi shi, yakan ɗauko ɗaya ya karanta ya ce mini, "Wannan ya girme ka, ka gaishe shi." A garin Sedalia akwai kamfanin Starline da ba ya ƙera komai sai kwanso. Hatta abin wanke kwanson ma a gida ake samu: niƙaƙƙen ɓawon wolnot, wanda garin Stockton ya yi suna wajen fasa shi, da niƙaƙƙiyar totuwar masara, a jihar da tun 1869 ake fafe totuwa ana yin lofe da ita a wani gari mai suna Washington. Da korona ta shigo a 2020, kantunan harsashi suka yi wayam, sai tsofaffin da 'ya'yansu ke yi wa dariyar tara bola suka wayi gari ana gaishe su da hannu biyu.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ake wanke abin da gobe za a sake ƙona shi. Ya ce dalili biyu ne kawai. Kwanson da ya faɗi ƙasa yakan kwaso yashi, yashin kuma ya karce mazubin ƙarfen da ake matse shi a ciki ya koma girmansa, mazubin nan kuwa da tsada. Na biyu, baƙin hayaƙi yana ɓoye tsaga, tsagaggen kwanso kuma ba abin wasa ba ne a kusa da ido. Ban ji ya ambaci ƙyalli ba. Na ɗauka mantawa ya yi.

To, akwai bashi a kaina. Duk hunturu, kafin in fito sallar asuba, Baba ya riga ya share mini dusar ƙanƙarar ƙofar gida da injinsa, ba tare da an roƙe shi ba. Uwargida tana aika masa da dambun nama da shinkafa, amma wannan ladanta ne, ba nawa ba. Sai ga shi a farkon bazarar 2021, ana saura kaɗan a kama azumi, an yi masa aikin ƙugu, 'yarsa ta zo za ta tafi da shi jinya. Na same shi a gareji yana kallon wani bokiti mai cin galan 5, cike taf da kwanson da ya tsinto, yana cewa ya so a ce ya wanke su kafin ya tafi. Na ce abin nema ya samu. Ya ce in bari. Na ce a garinmu ba a yi wa maƙwabci haka. Ya sake cewa in bari, har da ɗaga hannu. Na riga na rungumi bokitin.

Da ya ga ba makawa, sai ya ba ni injin, wani kwanon roba mai murfi a kan gindi mai karkarwa, da buhun totuwa, ya kuma kafa mini sharuɗɗa. In fara warewa, kowane girma daban, in bi da mayen ƙarfe in cire na baƙin ƙarfe irin wanda ake kawowa daga Rasha a lokacin. In leƙa cikin kowanne: in huda ɗaya ce a tsakiya nasu ne, in biyu ne in jefar. Nan ya ɗan karkace ya ba ni labarin cewa mai huda biyun wani Ba'amurke ne, Berdan, ya ƙirƙiro shi, amma Turai ke aiki da shi, mai huda ɗayan kuma wani ɗan Ingila ne, Boxer, ya ƙirƙiro, Amurka ta rungume shi. Sannan in kunna a gareji, murfi a rufe. Na ƙarshe, ya maimaita har sau biyu, kada in ƙara komai a ciki. Ina ta "to, to, to", amma gaskiya hankalina ya tsaya a kan Berdan da Boxer, ina tunanin yadda ko a wajen Turawa ba a daraja na gida. Duk wanda ya cusa labari mai daɗi a tsakiyar umarni, shi ya san abin da ya shuka.

Uwargida ma'aikaciyar jinya ce, kuma a makon aikin dare take yi. Wannan ya ba ni 'yancin da bai kamata a ba kowane magidanci ba.

Warewa dai na dube ta na ga ɓata lokaci ne. Duk tagulla ce, duk wanka ɗaya za su yi. Na kamfata na zuba, na rufe, na ɗora injin a kan firizar gareji don kada sanyin siminti ya dame shi, na kunna na je na kwanta. Abin da Baba bai gaya mini ba shi ne injin yana tafiya. A hankali yake yi, yana karkarwa yana matsawa, har ya kai bakin firiza can tsakar dare ya yanke shawara. Ƙarar da ta tashi ta sa Auta ta farka tana kuka, babban kuma ya fito da sandar mofa. Na kwana ina share totuwa daga ƙarƙashin kekunan yara.

Da gari ya waye na ga dalilin warewa, ko da yake har yanzu ina ganin ya kamata a rubuta shi a jikin injin. Kwanson 9mm yana shiga cikin na .40 daidai wa daida, na .40 kuma yana shiga cikin na .45. Karkarwar dare ta aurar da su uku-uku, totuwa ta shiga tsakani ta ɗaure auren. Ka ɗauki ɗaya ka ji nauyi, ka leƙa ka ga wani yana leƙenka daga ciki, a cikinsa kuma ga wani. Da filaya da tsinken sakace na raba su, ina yi ina istigfari, yatsuna suka yi baƙi ƙirin. Waɗanda suka tsira daga auren kuwa sun fita tas, ba yashi ba hayaƙi, amma launinsu wani dishi-dishi, ruwan ƙasa-ƙasa. Na riƙe ɗaya a rana na juya shi, ko walƙiya ɗaya bai yi ba.

A nan ne zuciya ta motsa. Ni jikan matar da tasoshinta na Bida ke ɗauke ido daga ƙofar ɗaki ne. Ban taɓa ganin kakata da inji ba, ban taɓa ganinta da totuwa ba in ba za ta hura wuta ba. Tsamiya take jiƙawa, ta goge da ita, ta bi da toka. A ce Ba'amurke da duk iliminsa ya tsaya a kan wannan dishi-dishin? Na ce yau zan nuna wa Mizuri abin da ake kira wanki.

Akwai tsamiya a gidan. Ƙulli guda ne babba da surukata ta aiko daga Gusau ta hannun wani mai zuwa, an naɗe shi cikin leda uku an ɓoye a bayan garin kunu, ana jiran azumi. Niyyata in ɗan ɓanɓari kaɗan. Amma bokiti galan 5 ba ya jin kaɗan. Na sauke babbar tukunyar da ake dafa naman Sallah, na jiƙa ƙullin gaba ɗaya da ruwan zafi, na dama na tace, na juye kusan rabin kwanson a ciki. Cikin 'yan mintoci na tsamo ɗaya, wallahi sai da na yi kabbara. Zinariya sak. Sai na yi lissafin da duk mai hankali zai yi: in 'yan mintoci sun ba da wannan, kwana guda me zai bayar? Na rufe tukunya na tura ta bayan injin yankan ciyawa.

Ruwan hoda ya bayar. Ba ja ba, ba ruwan goro ba, ruwan hoda irin na ankon ƙawayen amarya. Daga baya na fahimci abin da ya faru: tsami in ya daɗe yakan lashe tutiyar da ke fatar tagulla ya bar jan ƙarfe tsirara, 'yan kwanson Rashan nan na baƙin ƙarfe da ban cire ba kuma sun ƙara wa abin armashi. Su masu sana'ar garin tsami suke ɗan barbaɗawa, irin sinadarin da ke cikin lemon tsami, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, da ɗigon sabulun wanke-wanke. Ni kuwa na yi musu kunu. Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, launin ya yi kyau. Auta ma ta ce a yi mata sarƙa.

Ban yi ƙasa a gwiwa ba. Na tuna man goge tagullan nan mai warin hawa kai, wanda tsofaffin soja ke goge bakin bel da shi. Na sayo gwangwani, na yayyaga tsohuwar singileti, na zauna ina bi ɗaya-ɗaya. Aiki ne na mai haƙuri, amma abin da ya fito ya biya. Na jera su a kan baƙin ƙyalle suna ɗaukar ido, na ɗauki hoto na tura wa Baba, na zauna ina jiran yabo.

Kira ya yi, ba saƙo ba. Bai ko gaishe ni ba ya ce, "Ɗana, da me ka goge su?"

Na faɗa masa. Sai na ji dogon numfashi, irin na mutumin da ɗinki bai warke ba.

Ya ce in zauna ya ba ni labari. A zamanin da Ingila ke mulkin Indiya, idan damina ta sauka yaƙi yakan tsaya, sai soja su adana harsasai a bargar dawakai har ruwa ya ɗauke. In an buɗe akwatuna sai a tarar kwanso ya tsattsage a wuya, ba wanda ya taɓa shi. Aka daɗe ana ɗora wa yanayi laifi. Sai a 1921 wasu masana uku, Moore da Beckinsale da Mallinson, suka gano ɓarawon: amoniya ce da ke tashi daga fitsarin doki, ta haɗu da tagullar da aka matsa aka ja wajen ƙira, sai ta riƙa tsaga ta a ɓoye. Man nan nawa mai warin hawa kai, ya ce, warin amoniya ne.

Na ce, "Baba, ai ba mu da doki."

Ya ce, "Yanzu kuna da shi, a gwangwani. Zuba su a jaka daban, ka rubuta a jiki kada a taɓa."

Da ya ji muryata ta yi sanyi, sai tausayi ya kama shi, kuma tausayin nan shi ya jawo sauran. Ya ce in dai ƙyalli nake so, a garejinsa akwai wata 'yar ganga mai juyawa da jakar tsinkayen ƙarfe marar tsatsa, 'yan mitsi-mitsi, tsawon kowanne bai kai santimita ɗaya ba. Ana zuba su da ruwa da sabulu, su bi ciki da waje su goge. In na gama in tace a waje, in kwashe tsinkayen da mayen ƙarfe. Na je na ga gangar. 'Yar ƙarama ce, sai an yi zubi da yawa kafin a cinye bokiti. Ina dawowa gida na wuce ta ɗakin wanki, sai idona ya faɗa kan wata ganga mai juyawa, babba, mai ruwanta da sabulunta, har da maɓallin zaɓen zafi. Duk wanda ya ce shi ba zai yi wannan tunanin ba, bai taɓa zama shi kaɗai da injin wanki ba.

Rigar filo biyu na haɗa, na zuba kwanso da tsinkaye, na ɗaure baki da igiyar takalmi, ɗauri na gaske. Farko abin gwanin daɗi, wani kacau-kacau a hankali. Da injin ya kai wajen matsewa sai ya rikiɗe. Ya fara tsalle, ya baro bango, ya nufo ƙofa yana ruri. Igiyar takalmi ta yi abin da za ta iya. Ina rungume da shi ina laluben soket da ƙafa, sai na ji an ce, "Salamu alaikum." An sallami su Uwargida daga aiki da wuri.

Ta tsaya da jaka a kafaɗa, ta dubi injin, ta dubi baƙin ruwan da ke malala, ta buɗe murfi ta ɗauko kwanso ɗaya ta juya shi.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ranki ya daɗe, taimakon maƙwabci ne."

"A injin da nake wanke kayan Auta?"

Ban taɓa jin Zamfarancinta ya fito irin na ranar ba. Kuma ba injin ne ya dame ta ba. Ta ce ko na san abin da ke cikin ɗan maɓallin wutar nan? Dalma ce. Duk harbi ɗaya tana barin ƙurarta a cikin kwanso, ita ce wannan baƙin da ke yatsuna, ita ce a totuwar da na share da tsintsiya a gareji yara suna tsaye, ita ce a ruwan nan da nake takawa. Ta ce ita ba a littafi ta karanta ba. A 2010, a Dareta da Bagega da 'Yargalma, mutane sun riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe, yara sama da 400 suka mutu, waɗanda suka rayu kuma da yawa ba su koma daidai ba. Su talauci ya kai su, ta ce, ni kuma me ya kai ni? Wannan tambayar ban amsa ta ba, don ba ta da wurin raha.

Washegari ta kai yaran aka auna jininsu, Allah Ya rufa asiri, lafiya lau. A hanyar dawowa ne ta gano tukunyar. Da yamma ta gano ledoji uku babu tsamiya. Daga nan aka kafa dokar ta-ɓaci: ba ni ba kicin, ba ni ba ɗakin wanki, kuma duk lokacin da zan taɓa kayan Baba sai da safar hannu da takunkumi, a bayan gida, ƙofa a rufe. Mai gyara ya zo ya kwance famfon injin, ya yi ta zaro tsinkaye da mayen ƙarfe yana jerawa a kan tawul, bai tambaye ni komai ba sai cewa ya yi, ".45 ne?" Na ce gauraye ne. Ya girgiza kai ya ce ai da na ware.

Saura shanya. Ni da na so in watsa su a tire in tura obin su bushe da wuri, amma doka ta hana, don haka na shimfiɗa tabarma a ciyawar bayan gida na baza su a rana. Ina bazawa sai hannuna ya ji ɗaya ya fi sauran nauyi. Na ɗaga, sai ga shi da kansa a sama, maɓallinsa ba a taɓa ba. Harsashi ne mai rai, wani ya yar a filin harbi Baba ya haɗa da shi. Ya sha karkarwa, ya sha injin wanki, yana nan yana jiran obin. Na ajiye shi can gefe a hankali, na gode wa Allah da Ya yi ni mutum mai taka-tsantsan, don ko da ba a hana ni ba, ina jin da na sake tunani.

Ina tsugune a kan tabarmar nan Yaya ya kira ta WhatsApp daga Funtuwa, kiran bidiyo. Na amsa da takunkumi a fuska, baƙar safa a hannu. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na ce ai ya wuce, bari ma ya ga yadda ciyawa ta yi kore. Na juya kyamara.

Shiru ya yi, har na zaci intanet ce ta ɗauke. Can sai ya ce a hankali, "Ƙanena, kai kaɗai ne a wurin?"

Ban ga laifinsa ba. A wajen Baba, tabarmar nan ajiya ce ta tsufa. A wajenmu kuwa, kwanso shi ne abin da mutanen ƙauye ke tsinta da safe bayan 'yan bindiga sun tafi, su tara a hula su nuna wa duk wanda ya zo jaje. Ba wanda ke wanke shi. Mutumin da ya ga ƙanensa rufe da fuska a gaban dubbansa, ba zai kawo maganar zumuncin maƙwabta a ransa ba. Na fara bayani, na ce na wani tsoho ne, wanki kawai nake yi masa. Ya ce wato har yaron gida aka mayar da ni. Na ce halal ne a nan, ya ce haka kowa ke cewa. Na ambaci fitsarin doki don in nuna masa abin na ilimi ne, sai ya ce innalillahi, har da tsafi.

Kafin magariba ta can an kira taron dangi. Inna ta karɓi waya tana kuka. "Ɗana, karatu muka tura ka. In kuɗi ne ba ka da su ka dawo, gonar mahaifinku tana nan. Ka ji tsoron Allah ka fita daga cikin mutanen nan." Kawu ya sa a yi sauka. Wata gwaggo ta ce ita dama tun da na daina aiko hoto da hula ta san akwai magana. Mutum ɗaya ne ya fahimce ni, wani ɗan baffanmu mai sana'ar jari-bola a Kaduna, wanda ya turo saƙo a keɓe: "Yaya, tagulla ce zalla? Kilo nawa za ta yi?" Sai da Uwargida ta karɓi waya ta yi wa Inna bayani da kanta aka yarda. Abin da ta ce kuwa shi ne, "Inna, ku kwantar da hankalinku, ba ta'addanci ba ne, rashin aikin yi ne." Na so in yi gyara, amma na ga an samu zaman lafiya.

Baba ya dawo yana dogara sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Ya zauna a bakin gareji da gilashin ƙara girma, na jera masa jakunkuna. Masu ruwan hodan ya karce ɗaya da farce ya ce yawanci a fata abin ya tsaya, totuwa za ta mayar da su, sai dai waɗanda suka yi tabo mai zurfi ya ware. Na injin wanki, bakin wasu ya lanƙwashe, a cikin wasu kuma ya yi ta zazzago tsinkaye, yana cewa ko ɗaya aka bari a ciki ya isa ya karce bindiga. Masu ƙyallin nan, abin alfaharina, ko buɗe jakar bai yi ba, ya miƙo mini guduma ya ce in tallatse su don kada wani ya tsinta ya yi sha'awa. Sai ya jawo jakar farko, masu dishi-dishin da na raina, ya zuba a tafin hannu, fuskarsa ta washe.

"Waɗannan su ne aiki. Wa ya yi maka su?"

Na ce inji ne, kafin ya faɗo.

Ya ce bindiga ba ta da ido, ba ta san ƙyalli ba, mu ne dai muke so. Na ce duk da haka. Ya ce shi ma duk da haka, shi ya sa ya sayi tsinkayen.

Tallatsattsun muka kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, aka auna aka ba mu abin da bai kai kuɗin zuwan mai gyara ba, balle sabon injin da Uwargida ta ce sai an saya. Baba ya danƙa mini kuɗin ya ce ladan aiki ne. A hanya ya yi shiru, can sai ya ce, wannan ɗan itacen namu mai tsami, in aka tsaya a 'yan mintocin farko, da gaske zinariya yake bayarwa? Na ce ya tambayi kakata. Ya ce zai so ya gwada, in da saura.

Babu saura, kuma ga azumi ya kama. Na je kantin Indiyawa na sayo wata a kwali, Uwargida ta ɓare ta ɗanɗana ta ce wannan ta Tailan ce mai zaƙi, in kai wa doki. Dole na kira Inna na ce a nemi mai zuwa a aiko mana da tsamiya, ƙulli biyu.

"Biyu? Na mene ne ɗayan?"

"Na kunu ne, Inna."

"To ɗayan fa?"

Na ce na maƙwabci ne. Ta ce wane maƙwabcin, mai harsashin? Na ce shi. Ta ce za ta aiko, amma ita ba ruwanta, kuma kada a ambaci sunanta.

Bayan Sallah ɗan baffan nan nawa ya kira yana haki. Ya ce in gaya masa gaskiya tsakanina da Allah, don ya ji daga majiya mai ƙarfi a kasuwar Funtuwa cewa Amurkawa sun gano ana haɗa harsashi da tsamiya, shi ya sa ta yi tsada bana. Ya riga ya sayi buhu huɗu, yana tambaya ta jirgin ruwa ake turawa ko ta sama.